Injin yankan katako mai sarƙa zai yi watanni a ajiye: me za ka saya, me kuma asarar kuɗi ne

Idan damina ta kankama a Jos, musamman Yuli da Agusta da ruwa ba ya ɗagawa, masu shiga daji yankan katako da yawa suna jingine aiki sabida hanya ta lalace, mota ba ta kaiwa inda itacen yake, shi ma mai gona da ya sayi injin don share fili ya gama nasa tun kafin shuka. To a nan ne ake turo injin ƙarƙashin gado ko bayan ƙofar sito da ragowar fetur a cikinsa, sai kaka ta yi a ɗauko a ja igiya har kafaɗa ta yi tsami bai tashi ba, a nufi wajen bakanike. Ko Stihl 070 ne da ake ji da shi a kasuwar Katako da Laranto, ko ɗan China 5200 ko 5800, cutar ɗaya ce, kuma mafi yawanta daga mai take farawa.

Injin nan tu-sitirok ne, fetur da man 2T a gauraye yake sha. In ya daɗe a zaune, fetur ɗin yana hucewa ya bar wani danƙo mai kama hannu, danƙon nan ne ke toshe ƙananan hanyoyin cikin kabreta, ita kuma 'yar robar nan siririya da kanikawa ke kira dayafram ta manne ko ta sandare. Su kansu Stihl a littafinsu sun ce kada gaurayayyen mai ya wuce kwana 30 a ajiye. Kaga kuwa mu da wani lokacin a galan muke saye a bakin titi, ba mu san ranar da ya bar gidan mai ba balle abin da aka ƙara masa. Wanda ya ga yadda fetur mai methanol ya kwantar da motoci a Abuja da Legas a Fabrairun 2022 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Hanyoyi uku ne na kauce wa wannan matsalar ta mai kafin ajiya. Hanya ta farko ba ta cin ko sisi. Ka juye tankin tas a waje inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da mai shan sigari, in injinka na da 'yar robar da ake dannawa don jawo mai ka danna ta sau da yawa, sannan ka tayar da shi ka barshi yana silo har ya mutu da kansa. Silo fa na ce, kada ka dinga matsa masa wuta wai don ya ƙare da wuri, sabida lokacin da fetur ke ƙarewa man da ke shafe fistin ma yana ƙarewa tare da shi, kana iya karce silinda a banza. Wannan ita ce hanyar da kamfanin Stihl da kansa ya rubuta, kuma ita nake ba kowa shawara in ajiyar za ta wuce wata guda. Wasu kanikawa suna cewa roba tana bushewa in an bar kabreta babu komai, akwai ƙamshin gaskiya a ciki in injin zai yi shekara da shekaru, amma kayan gyaran kabreta ba su da tsada in ka haɗa da wahalar wanke danƙo.

Ta biyu ita ce sayen maganin hana fetur lalacewa, irin su Sta-Bil, wanda kamfaninsa ke cewa yana riƙe mai har wata 24. Yana aiki, amma da sharaɗi: a cikin sabon fetur ake zubawa, sannan a kunna injin na 'yan mintuna don ya ratsa har kabreta. Ba ya farfaɗo da man da ya riga ya tsufa, in ka zuba shi a fetur ɗin da ya yi wata biyu a jarka kuɗinka ka zubar. Kuma ba kowane shago ke da shi ba, ga kwalba ɗaya ta fi ƙarfin tankin da bai kai ko lita ɗaya ba a ƙananan injina. Wanda ke da janareta da injin ban ruwa da babur duk a gida ɗaya, to shi kam ya saya, zai ci moriyarsa. Mai injin yanka ɗaya tal ban ga dalili ba.

Ta uku man gwangwani ne da aka riga aka gauraya daga kamfani, kamar MotoMix na Stihl ko Aspen 2, babu ethanol a ciki, wato sinadarin da ake gaurayawa a wani fetur ɗin, kuma yana shekaru bai lalace ba. Shi ne mafi kyau in ana maganar inganci, sai dai tsadarsa da wuyar samu, babu mai yankan katako da zai yi aikin yini da shi ya fita da riba. Masu dabara abin da suke yi shi ne su juye fetur ɗin gidan mai, su zuba kaɗan daga wannan su kunna injin ya zagaya, sai su ajiye. In kana da mai kawo maka daga Abuja kuma injinka mai tsada ne, ba laifi.

Inda nake so mutum ya buɗe aljihu shi ne man 2T mai kyau da man sarƙa na gaskiya. Bayan injin ya huce ka kwance fulogi, ka ɗiga man 2T kaɗan ta ramin, ka ja igiya a hankali sau biyu ko uku don ya shafe bangon silinda, ka mayar da fulogin. In fulogin ya yi baƙi ƙirin ko bakinsa ya cinye ka sayi sabo tun yanzu, injinan Stihl da yawa fulogin NGK BPMR7A suke ɗauka da tazarar 0.5mm a bakinsa, amma ka tafi da tsohon a hannu ka gwada sabida na jabu sun cika kasuwa. Ranar da za ka dawo aiki kuma ka bi ma'aunin da aka rubuta wa injinka, 50:1 na nufin 20ml na man 2T a lita ɗaya ta fetur, 25:1 da ake gani a jikin 'yan China da yawa na nufin 40ml, ba a yi da ido.

Maganar baƙin mai, wato wanda aka juye daga mota, na san kusan kowa da shi yake cika tankin sarƙa don arha, kuma ba zan iya hana kowa ba. Amma don Allah kada ya kwana watanni a ciki. Akwai dattin ƙarfe da toka a cikinsa, yana kwantawa a ƙasan tanki ya toshe famfon mai, ranar da ka tashi aiki sarƙa ta dinga gudu a bushe tana hayaƙi. Man gyaɗa da manja su ma daskarewa suke su zama danƙo. Ka juye, ka ɗauraye tankin, ka zuba man sarƙa kaɗan ka bari ya zagaya kafin ka kashe injin. Sai dai ka sa kwali a ƙarƙashi don kusan duk injin yana ɗan ɗigar da mai in yana zaune, ba lalacewa ba ce.

Sarƙa da ƙarfen da take zagayawa a kai, cire su za ka yi gaba ɗaya. Ka duba cikin kwarin ƙarfen, zaka ga garin katako ya haɗu da mai ya cushe kamar tuwon da ya kwana, wannan abin yana riƙe laima, kuma a nan tsatsa ke farawa. Tsohuwar reza ko siririn ƙarfe ya isa ka kankare shi, ka buɗe ɗan ramin da mai ke bi da tsinke, ka goge da kananzir. Mutane suna son WD-40, yana da kyau wajen wanki da korar ruwa amma siriri ne, ba ya daɗewa a jikin ƙarfe a irin damshin Jos. Sabon man inji na mota ya fi shi a wannan aikin kuma ya fi arha: ka shafe ƙarfen, sarƙar kuma ka wasa ta tukuna sannan ka jefa ta a robar fenti ko gwangwanin madara mai murfi da ɗan mai a ciki. Matatar iska a wanke ta bushe sosai, a share tsakanin haƙarƙarin silinda da tsohon buroshi.

Wurin ajiya kuma, akwatin roba na kamfani yana da kyau in ka samu wanda ya yi daidai da injinka, amma akwatin katako da kafinta zai buga maka ya wadatar, a bar masa 'yan ƙofofin iska a rufe su da raga. Abin da ba na so shi ne leda, ana ɗaure injin a ciki wai don ƙura, da sanyin dare ya sauka gumi ya taru a ciki ya rasa hanyar fita. Buhun algarara ko tsohon zani ya fi. Kada kuma a dire shi a kan siminti kai tsaye, jikin manyan injinan nan na magnesium ne, damshin siminti yana cinsa daga ƙasa ya yi fari-fari yana ɓarɓashi, haka ma kusa da buhun taki. A ɗora a kan kanta ko katako. Ɓera yana son tiyon mai da wayar fulogi, zanzaro kuma in ya samu bakin salansa a buɗe sai ya gina ɗakinsa na laka a ciki, injin ya ƙi tashi kana ta zargin kabreta, don haka ka toshe bakin da ɗan tsumma ka ɗaura masa jan zare don kada ka manta da shi.

Masu na batir, wanda yanzu ake gani a gidajen Abuja don gyaran bishiyar tsakar gida, ku naku da sauƙi: a cire batirin, a barshi da caji wajen kashi 40 zuwa 60, a ajiye shi daban a ɗaki mai sanyi, ba cikin but ɗin mota ko ƙarƙashin kwanon sito a zafin Maris ba. Sarƙar dai da ƙarfenta aikin ɗaya ne da na mai fetur, kuma ko wanne iri ne a kulle shi inda yara ba za su kai ba.