Wace Linux Ce Ta Dace da Kwamfutar Gida?

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba bai wa Windows 10. Ita kuwa Windows 11 ba kowace kwamfuta take karɓa ba: tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma idan furosesar Intel ce, sai daga zubi na takwas zuwa sama. Da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da muke saye, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad na shekarun baya, ba su kai nan ba, alhali lafiyarsu ƙalau. Mai irin wannan kwamfuta, ko ya ci gaba da tsohuwar Windows ba kariya, ko ya kai wa mai gyara a yi mata dabara, ko kuma ya koma Linux, wani tsarin sarrafa kwamfuta da ke maye gurbin Windows, wadda kyauta ce, halal ce, ba sai an saci lasisi ba.

Matsalar ita ce Linux ba ɗaya ba ce. Linus Torvalds ya fara rubuta ginshiƙinta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, ya kuma bar lambobinta, wato rubutun da aka gina ta da shi, a buɗe ga kowa. Daga nan jama'a da kamfanoni suka yi ta ɗauka suna haɗa nasu zubin, har suka kai ɗaruruwa. Garin ɗaya ne, masu tuƙa tuwon ne suka bambanta. Sai dai wanda zai fara, ba ya bukatar sanin fiye da huɗu ko biyar.

Wadda ta fi suna ita ce Ubuntu, ta kamfanin Canonical, mallakar Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, kuma ta fara fitowa a Oktoban 2004. Duk shekara biyu, a watan Afrilu, sukan fitar da zubi mai dogon zango da ake wa laƙabi da LTS, wanda ake kula da shi shekara biyar. Babbar fa'idarta yawan masu amfani da ita: kusan duk matsalar da za ka ci karo da ita, wani ya riga ka shiga, an kuma rubuta maganinta a intanet. Amma fuskarta, wadda ake kira GNOME, ba ta kama da Windows. Manhajoji suna jere a gefen hagu, agogo a sama, kuma wanda hannunsa ya saba zuwa ƙasan hagu neman maɓallin farawa zai ɗan yi laluben kwanaki. Tana kuma da nauyi. Fayil ɗin saukar da zubin 24.04 ya kusa gigabait 6, ga shi wasu manhajojinta, har da Firefox, suna zuwa ne a wani ƙunshi mai suna Snap da ke sabunta kansa ba tare da ya tambaye ka ba. Ga wanda ke jona kwamfuta da datar wayarsa, wannan abin dubawa ne sosai.

Linux Mint ita ce wadda nake ba sabon shiga shawarar ya ɗauka, kuma zan faɗi dalili. Clement Lefebvre, Bafaranshe, ya fara ta a 2006, an kuma gina ta a kan Ubuntu ɗin nan mai dogon zango. Ma'ana duk taimakon da aka rubuta don Ubuntu, mafi yawansa zai yi maka aiki a Mint. Zubi na 22, wanda ya fito a Yulin 2024, ana kula da shi har 2029. Da ka kunna za ka ga abin da idonka ya saba: maɓallin farawa a ƙasan hagu, agogo da alamar baturi da ta Wi-Fi a ƙasan dama, manyan fayiloli kamar yadda ka san su. Uwa ko mahaifin da bai taɓa jin sunan Linux ba zai iya zama ya buɗe bidiyo ko ya rubuta wasiƙa ba tare da an tsaya a kansa ba. Fayil ɗin saukarta bai wuce gigabait 3 ba, wajen rabin na Ubuntu ke nan, kuma sabuntawa ba ta sauka sai ka ce ta sauka. Wata 'yar garkuwa ce ke bayyana kusa da agogo ta sanar da kai, kai kuma ka bari sai dare ko sai ka sami Wi-Fi.

Akwai wata manhaja a cikinta, Timeshift, da na fi ƙauna fiye da duk kwalliyar da ake tallata wa. Tana ɗaukar hoton yadda tsarin kwamfutar yake, ta ajiye. Idan aka ɗauke wuta kana tsakiyar sabuntawa, baturin kuma ya riga ya mutu, ko yaro ya taɓa abin da bai kamata ba, sai ka mayar da kwamfutar yadda take jiya. A gidan da wuta ba ta da tabbas, ka kunna ta tun ranar farko. Ka dai sani tsarin take karewa, hotunanka da takardunka kuwa sai ka kwafe su daban.

Mint tana zuwa da fuska uku. Cinnamon ita ce babba kuma mafi kyau, ta dace da kwamfuta mai RAM gigabait 4 zuwa sama. Idan naka 2 ne, ɗauki Xfce, ba ta da ado sosai amma ba ta cin ƙarfi. MATE tana tsakaninsu.

Zorin OS, ta wasu 'yan'uwa biyu a Dublin ta ƙasar Ireland, Artyom da Kyrill Zorin, ita ma a kan Ubuntu aka gina ta, kuma an yi ta ne musamman don masu barin Windows. Gaskiya ta fi Mint kyan gani, kana iya sauya fasalinta da dannawa ɗaya. Tana da zubin kyauta mai suna Core da na kuɗi mai suna Pro. Kada ka sayi Pro da tunanin ya fi tsaro ko sauri: ƙarin fasali ne da tarin manhajoji, yawancinsu kana iya sauke su kyauta. Idan kyan fuska ne zai sa mutanen gida su yarda da sauyin, Zorin Core zaɓi ne mai kyau. Abin da ya sa na sa ta a bayan Mint shi ne masu amfani da ita ba su kai yawa ba, sabon zubinta kuma yakan yi jinkirin fitowa.

Fedora, wadda kamfanin Red Hat ke ɗaukar nauyi, tana da inganci, amma sabon zubi take fitarwa kusan duk wata shida, kowanne kuma kulawarsa wajen wata 13 ce. Kwamfutar gida ba ta bukatar wannan gudun. Debian, wadda ta faro tun 1993 kuma ita ce tushen Ubuntu, tana da ƙarko ƙwarai, sai dai ta fi daɗi ga wanda ya ɗan goge. Kali kuwa, da matasa ke rububi saboda sun ji ta masu kutse ce, kayan aikin ƙwararrun tsaro ce, ba a yi ta don karatun yara da kallon bidiyo ba. Arch ma, wadda ta fi dacewa da waɗanda suka goge, a bar ta sai gaba. Idan kwamfutar ta tsufa tukuf, irin mai 32-bit, Ubuntu da Mint na yanzu ba za su hau ba, sai ka duba antiX, wata Linux mara nauyi.

Kafin duk wannan, ka tambayi kanka aikin da kake yi da kwamfutar. Idan rubutu ne da lissafi da shiga intanet, ba ka da damuwa: LibreOffice tana buɗe fayilolin Word da Excel, Firefox na nan, Chrome da Zoom da VLC duk suna da na Linux, WhatsApp kuma ta birawuza. Amma takarda mai tebura da ado da yawa takan ɗan goce idan aka buɗe ta a Word, don haka ɗalibin da zai kai aikinsa a buga gara ya mayar da shi PDF tukuna. Wanda kuma abincinsa ke cikin CorelDraw ko Photoshop, ina ba shi shawara kada ya goge Windows. Babu su a Linux. Inkscape da GIMP, da ake amfani da su a madadinsu, suna aiki mai kyau, amma hannu sai ya sake koyo, kuma masu buga katin biki da kalanda fayil ɗin Corel suke tambaya. Irin wannan mutum zai iya ajiye biyun a kwamfuta ɗaya, ya zaɓi wadda yake so lokacin kunnawa.

Wani abin da zai faranta wa mai rubutun Hausa rai: a saitin allon rubutu na duk waɗannan akwai tsarin Hausa na Najeriya da na Gana, mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sai ka sauke komai ba. Ƙwayar cutar nan ta filas kuwa, mai ɓoye fayiloli ta bar maka gajerun hanyoyi bayan ka dawo daga shagon buga takardu, an rubuta ta ne don Windows, ba ta tashi a Linux.

Kada ka girka komai sai ka gwada. Sami filas mai gigabait 8, ka sauke Mint daga shafinta na asali, ka ɗora ta a kan filas ɗin da manhajar Rufus ko balenaEtcher. Filas ɗin za a share shi, ka kwashe abin da ke ciki. Kashe kwamfutar, soka filas, kunna kana danna F9 idan HP ce, F12 idan Dell ce ko Lenovo. Mint za ta tashi daga filas ɗin ba tare da ta taɓa Windows ɗinka ba. A nan ka gwada Wi-Fi, sauti, kyamara, hasken fuskar kwamfutar, ka jona firintar gida ka buga shafi ɗaya. Firintocin HP galibi ba sa gardama, wasu tsofaffin na Canon kan ba da wahala. Idan Wi-Fi ya ƙi, sau da yawa katin Broadcom ne: jona wayarka da kebul, ka ba kwamfutar intanet ta nan, ka buɗe Driver Manager, zai nemo direban, wato manhajar da ke sa katin aiki, da kansa.

Za ka ga tana ɗan jan ƙafa a kan filas, wannan laifin filas ne. Idan komai ya yi aiki, kwafe hotuna da takardunka zuwa wani wuri, ka tabbata baturi a cike yake, sannan ka girka, ka kuma sa alama a akwatin da ke tambayar ko a haɗa da manhajojin kunna bidiyo da sauti. In akwai ɗan kuɗi a hannu kuma kwamfutar tana kan tsohon diski mai juyawa, sauya shi da SSD, wato diski mai sauri da ba ya juyawa, kafin girkawar, saurin da za ka samu daga nan ya fi duk bambancin da ke tsakanin Mint da Zorin da Ubuntu.