Gargaɗi: mai sayar da kayan kikdawun na "kowace giyar mota" macuci ne

Dala 140 na tura wa mutumin nan da ke tallar kayan kikdawun (abin da ke sauko da giyar otomatik idan aka danne totur), wai suna shiga kowace giya. Dala 140, ya aiko mini da kebul da ƙarfen riƙe shi, ya rantse an auna su don giyabos 700R4. Yau giyar Chevrolet C10 ɗina ta 1979 tana kwance a garejin bakanike, man giyar ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna, an yanka mini dala 1,800 kuɗin gyara.

Kada wani ya ce ban yi tambaya ba. Na tambaya, a rubuce. Na gaya masa motar da giyar TH350 ta fito, an cire an sa 700R4, kafireton kuma Holley ne, ba Quadrajet na asali ba. Ya amsa da cewa "daidai yake, ɗaura kawai." Wannan "ɗaura kawai" ɗin ita ke hana ni barci. Har lambobin giya ya jero mini kamar wanda ya tashi a gareji, wa zai yi zaton ɓarawo ne?

Babu wani kayan kikdawun da ke shiga kowace giya, ƙarya ce tsagwaronta. TH350 kebul gare ta, aikinsa ya sauko da giya idan ka danne totur, sauran aikin na modileta ne da ke aiki da zuƙar iskar inji. Ko kebul ɗin ya saki, motar za ta yi nauyin tashi ne kawai. TH400 ba ta da kebul sam, makunnin lantarki ne ke tura wuta bolt 12 zuwa solanoyid a cikin giyar. C4 da C6 na tsofaffin Ford kuwa sandar ƙarfe ce. Amma 700R4, wadda ta fito a 1982, ba ta da modileta. Kebul ɗinta na TV (throttle valve, wato bawul ɗin totur) shi ke ƙara matsin mai gwargwadon yadda ka taka totur. In ya kuskure, kuloci ba ya matsuwa, sai sulɓi, sai zafi, kuma kulocin giya ta 3 da ta 4 ne ke fara ƙonewa.

Abin da ya aiko na kikdawun ɗin TH350 ne aka sake wa leda. Kan da kebul ke maƙalewa a hannun kafireto dole ya kasance kusan milimita 28 daga tsakiyar sandar totur. Nasa da aka auna, 35. Idan tazarar ta yi yawa, ja ya yi yawa: ka daidaita kebul ya ɗaure a ƙarshen totur, to a farkon taku yana lilo, matsin mai bai tashi ba alhali inji yana ja. Shi ya sa giyar ke ta hawa da wuri, 2, 3, 4 a jere kafin mota ta yi gudu, a sanyaye ba ka ma jin shigarta. Da na gaya masa haka, cewa ya yi sabuwar giya haka take, in ba ta lokaci.  Na nemi kuɗina, yanzu ya toshe ni. Dala 140 ta ja mini 1,800.

Hotunan hirarmu duk suna nan, da rasit, da hoton ƙarfen an ɗora masa ma'auni. Zan sa su kowa ya gani, har da tallar da ya goge ya sake sawa da wani suna.

Ku leƙa ƙarƙashin mota ku ƙirga notin kaskon man giya don ku san wadda ke jikinta: 16 ne a 700R4, 13 a TH350. Kada ku biya sai ya aiko hoton ma'auni a kan ƙarfen. Bayan ɗaurawa a sa agogon matsi mai kai 300 psi a jikin giyar ta gefen direba, allurar ta motsa da zarar an taɓa totur. In ba ta motsa ba, kada motar ta hau titi.