Ƙirga kujeru ko jin ta bakin ɗalibai?

Idan shugaban laburaren jami'a yana son sanin yadda ake amfani da ɗakunan nazari, hanya biyu ce a gabansa. Ta farko, ya sa ma'aikaci ya riƙa zagayawa kowace awa yana ƙirga kujerun da aka kama. Ba ta cin kuɗi, kuma tana nuna lokacin cunkoso, musamman idan jarrabawa ta ƙarato. Amma ƙirga tana da ruɗi. Jakar da aka ajiye tun safe don kama wuri, mai ita yana can aji, sai ta shiga lissafi. Ɗaki mai kujera 6 da mutum ɗaya ya kulle kansa a ciki, rajista za ta nuna an kama shi. Wanda ya leƙo ya ga babu wuri ya juya kuwa, ba wanda ya san da zuwansa.

Ta biyu, a tambayi ɗaliban, ko a rubuce ko a zauna da su. A nan ake gano cewa teburin gefen taga ba don haske ake rububinsa ba, wurin cajin waya ne a gindinsa. Sai dai masu amsawa galibi waɗanda suka saba zuwa ne, kuma ɗalibi kan ce shiru yake so, alhali kullum cikin abokai yake karatu.

Ni dai da ƙirgar zan fara, abin da ya ɗaure min kai a cikinta in kai wa ɗaliban su warware min.