PlantNet ta gaya min sunan bishiya, Baba ya gaya min sunanta na gida

Jama'a akwai wata manhaja da na kusa wata biyar ina amfani da ita, PlantNet, mai gano sunan tsiro daga hoto, kuma wallahi ta canza min yadda nake kallon hanya. Mu dai kun san halinmu, duk abin da ya yi fure a ƙofar gidan masu kuɗi sai mu ce filawa, shi kenan an gama magana, ba wanda ke tambayar sunanta.

Farkon abin a cikin rani ne, muna hanyar ƙauye na hango wata bishiya ba ganye ko ɗaya a jikinta amma ta cika da fure mai ruwan hoda kamar an yi mata kwalliyar biki, na sa direba ya tsaya na ɗauki hoto har uku na tura, kafin in koma mota ta kawo min Stereospermum kunthianum. Sunan ya min nauyi a baki, da muka isa gida na nuna wa Baba hoton, ko dogon kallo bai yi ba ya ce "kai yaro, wannan ai sansami ne, ba ka san sansami ba?" Sunan na sha jinsa tun ina ƙarami amma ban taɓa haɗa shi da bishiyar ba sai ranar.

Manhajar kyauta ce, cibiyoyin bincike na Faransa ne suka haɗa ta irin su CIRAD da INRIA, tun 2013 take a waya. Abin da ya fi burge ni shi ne bayan ka ɗauki hoto za ta tambaye ka me ka ɗauka, ganye ne ko fure ko 'ya'ya ko ɓawo, sannan ta jero maka sunaye kowanne da makinsa cikin ɗari da hotunan da wasu suka tura don ka gwada da naka. Wata manhajar da na fara saukewa kafin ita kwana kaɗan ta fara neman kati, nan take na goge ta.

Shawarata ku ɗauki fure kusa-kusa cikin haske, kuma ku haɗa da ganye idan akwai, don ranar da na tsaya nesa na ɗauki bishiya sukutum makin ya zo ƙasa sosai, laifin hotona ne. Akwai kuma masu kama da juna, misali marga tamu Cassia sieberiana da 'yar uwarta ta Indiya Cassia fistula, duk fure rawaya ne mai reto, sai ka natsu ka duba.

Daga nan fa abin ya zame min jaraba, gurjiya ashe ita ce Bombax costatum mai jan fure lokacin da ta zubar da ganye, minjirya Erythrina senegalensis, ɗorawa da tutunta ja Parkia biglobosa, ita kuma babbar nan da ke yin ja wur a bazara a cikin makarantu da unguwannin turawa na da Delonix regia ce, asalinta daga Madagaska. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta sunan Latin a hagu, in Baba ko wani tsoho ya ba ni na Hausa in sa a dama, yanzu shafi na shida nake.

Abu ɗaya dan Allah, kar wani ya ga suna a waya ya je ya jiƙa saiwa ko ya dafa ganye ya ba yara. Wata filawa mai ƙaton gindi da ke cikin tukunya a tsakar gidanmu na gwada, ta fito Adenium obesum, Baba ya ce kariya ce kuma ruwan jikinta dafi ne, har a kibiya ake sa shi a da. Ƙannena a gefenta suke wasa kullum, a ranar na ɗauke tukunyar na kai bayan gida inda ba sa zuwa.