Hamilton 992B ko Waltham mai murfi: wanne ne agogon reluwe?

Wa alaikumus salam, Malam. Cikin agogon aljihu biyun da ka ce dillali ya kawo maka da sunan na ma'aikatan jirgin ƙasa, Hamilton 992B ɗin ne na gaske. Waltham ɗin mai murfi da duwatsu 15 (ƴan ƙwayoyin yaƙutu a cikin inji), kan jirgin da aka zana a bayansa ado ne kawai.

A Amurka ta ƙarshen ƙarni na 19 jirage biyu kan yi amfani da layi ɗaya, wannan na tafiya wancan na dawowa, babu rediyo, jadawali da agogo ne ke raba su. A 1891 jirage biyu suka yi taho-mu-gama a Kipton ta jihar Ohio, aka rasa rayuka, kuma abin da aka ruwaito shi ne agogon wani direba ya tsaya na minti 4 sannan ya ci gaba da tafiya. Kamfanin jirgin ƙasan, Lake Shore and Michigan Southern, ya ɗauko Webb C. Ball, mai sana'ar agogo a Cleveland, ya ɗora shi kan duba lokaci. Daga nan ƙa'ida ta yi ta tsauri, ko da yake kowane kamfani da nasa ƙarin.

Babban sharaɗi a wancan zamani, kada agogo ya yi gudu ko lattin da ya wuce sakan 30 a mako. Duwatsu aƙalla 17, wato ƴan ƙwayoyin yaƙutun da ƙafafun inji ke juyawa a kansu don kada su ci. Sai an daidaita shi a yanayi biyar ko fiye: kwance fuska sama, kife, tsaye, a karkace dama da hagu, sannan a zafi da sanyi. Fuska fara, lambobi baƙaƙe manya, kan wani (maɓallin da ake murɗawa a yi wa agogo wani) daidai saitin ƙarfe 12, kuma babu murfi, don direba ya zaro ya gani nan take ko da hasken fitila ne. Ma'aikaci da kuɗinsa yake saya, ya riƙa kai wa mai dubawa, galibi duk mako biyu, a sa masa hannu a kati.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake saita lokaci. Agogon gida ka ja kan wanin ka murɗa, shi ke nan, to a aljihu ma yana iya jawuwa hannaye su goce ba ka sani ba. Na reluwe sai ka warware zoben gilashin gaba ɗaya, ka sa farce ka zaro wani ɗan siririn ƙarfe a gefen fuska, sannan hannaye su yarda su motsa. Wahala ce da aka ƙirƙira da gangan.

Irin 992B ɗin nan nake da shi. A Lancaster ta Pennsylvania aka ƙera su daga 1940 har 1969, duwatsu 21, an daidaita a yanayi shida, da gashin sifirin (siririn sifirin mai daidaita bugun agogo) na ƙarfen Elinvar wanda zafi da maganaɗisu ba sa damunsa sosai. Da na kai nawa wanki, dattijon mai gyaran ya buɗe bayan, ya ɗora madubinsa a ido, ya daɗe bai ce komai ba, can ya kira yaronsa ya ce zo ka ga aiki. A cikin murfin bayan ya nuna min ƴan ƙananan lambobi da masu gyara na da suka karce da allura, kowa da alamarsa. Kullum da safe nake masa wani, hunturu da bazara, sai in daɗe ban warware zoben nan ba.

Waltham ɗin kuwa ba laifi, zai yi kyau da babbar riga ranar biki. Kamfanin Waltham ya ƙera na reluwe, irin su Vanguard, amma wannan ba ya cikinsu.

Ka yi hattara da dillalai. Akwai tsofaffin agogunan Suwizalan masu araha da aka yi musamman don yaudara, an liƙa musu sunaye masu kama da na Amurka da hoton jirgi, har da duwatsun ƙarya. Wasu kuma fuskar Hamilton suke ɗorawa a kan wani inji daban. Kada ka biya ko sisi sai an buɗe bayan ka ga 992B da adadin duwatsun a rubuce a jikin injin da idonka. Lambar da ake bin diddigin shekara da ita ma ta jikin inji ce, ta jikin gidan agogon ba ta da amfani a nan. Wanda ya ce maka bayan ba ya buɗuwa, miƙa masa kayansa.

Ɗauki Hamilton ɗin, ka taya ƙasa idan fuskar ta tsage, kuma kafin ka fara yi masa wani kullum a wanke shi a sa masa sabon mai.