Daga Mancesta: yadda ake bibiyar mai ciwon damuwa a nan

Yaya, ina fata kuna lafiya, da Inna da yara. Kin ce in rage ba ki labarin sanyi, in kawo abin da zai amfane ki a wurin aiki. Tunda ke ce kullum a gaban layin marasa lafiya a sha-ka-tafi, bari in yi miki zancen ciwon damuwa.

Kada ki ɗauka komai na nan ya fi namu. Likitan unguwa, wanda suke kira GP, ba a ba shi ko kwabo, amma mu baƙi mun riga mun zube fam 1,035 na kowace shekara tun wajen neman biza. Kafin ki gan shi sai kin buga waya ƙarfe takwas na safe kin bi layi, in an dace kuma minti goma ne rabonki. Kowane magani da ya rubuta fam 9.90 ne a Ingila. Babu zancen shiga kemis a ce "ba ni na ɗari biyar" a ƙirgo miki. Ko farasitamol, fakiti biyu kanti zai sayar miki ya ce ya isa.

Wata 'yar Fagge da ke aure a unguwarmu ta ce in raka ta, don Turancinta bai yi ƙwari ba. Kukanta irin wanda kike ji kullum ne: kai na zafi, jiki ya mutu, gaba na faɗuwa, barci ya ƙaurace. A gida da tuni an ce taifod da maleriya ne ko ulsa, an ɗaura mata ƙarin ruwa. Likitan ya sa a ɗibi jini, sannan ya miƙo takarda mai tambaya tara, sunanta PHQ-9, duk a kan mako biyun da suka wuce: barci, cin abinci, gajiya, ko har yanzu tana jin daɗin abin da ta saba. Maki daga 0 ne zuwa 27, daga 10 abin ya kai a tashi tsaye. Tambaya ta tara ita ce ko tana jin gara ta mutu. Na ji nauyin faɗa mata wannan da Hausa, amma ina faɗa ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya burge ni. Wata ma'aikaciya, ba likita ba, aka ɗora wa bibiyarta. Tana kiranta a waya a ranar da suka tsayar, ta sake yi mata tambayoyin nan tara, ta ji ko tana shan maganin, ko yana sa ta tashin zuciya. Sai su yanke ɗan abin da za ta yi kafin kira na gaba: ta raka yara makaranta da ƙafa, ta tuƙa tuwo ko sau ɗaya ne, ta leƙa masallaci ranar Juma'a. Duk mako ma'aikaciyar tana zama da na sama da ita su bi sunaye ɗaya bayan ɗaya. Wanda makinsa ya ƙi sauka, a sanar da likitan unguwa ya ƙara magani ko ya canza, ko a tura shi gaba.

A Siyatil ta Amurka aka faro tsarin haɗa hannun nan, wajen wani likitan ƙwaƙwalwa, Wayne Katon, a shekarun 1990. A 2002 aka fitar da sakamakon gwaji a kan tsofaffi 1,801: bayan shekara, 45 cikin 100 na waɗanda aka bibiya ciwonsu ya ragu da rabi ko fiye, a wajen waɗanda aka bari da kulawar da aka saba kuwa 19 ne. Ingila ta yi nata gwajin da mutum 581, har da asibitocin yankinmu na Mancesta, aka buga a 2013. Ba kowane asibitin unguwa ne ke yin sa cikakke ba, kuma jira na nan.

Kin san maganin damuwa ba ya nuna aiki sai bayan mako biyu zuwa huɗu, kuma ana so a ci gaba da sha wata shida bayan an ji sauƙi. Namu mara lafiyan zai sha kwana biyar, ya ce bai karɓe shi ba, ya koma wani kemis ko wajen mai ruƙiyya, ke kuma ba ki da labari. In kika ce a tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko asibitin Malam Aminu Kano, dangi su ce 'yarsu ba mahaukaciya ba ce. Likitocin ƙwaƙwalwar ma 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.

Ba sai mun yi nisa ba wajen neman misali. A Ibadan, Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun horar da ma'aikata irinki da mhGAP, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya kan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan uku cikin huɗu na masu damuwar da suka duba sun warware cikin shekara.

Dubiya kam mun fi su nesa ba kusa ba. Baiwar Allahn nan sai ta wuni babu wanda ya yi mata sallama. A Kano da maƙwabta sun cika tsakar gida da kwanon kunu da "Allah ya ƙara sauƙi". Sai dai cikin masu dubiyar babu wanda aikinsa ne ya rubuta cewa wancan makon 18 take, yau 15.

Zan turo miki hoton takardar ta WhatsApp, ki nuna wa shugaban asibitinku. Littafin sunaye da lambobin waya bai fi ƙarfinku ba, kuɗin kati na wata ukun farko kuma ki bar min. Abin da zai ba ku wahala shi ne samun likita guda da zai yarda ya ɗauki wayarku duk mako, sai ki fara tuntuɓar 'yan ajinku da ke asibitin Malam.