Hattara da mai tallan batirin litiyom na caji a Facebook, ya ci min N86,000 ya ƙona min makirfo

Jama'a duk wanda ya ga wani shafi a Facebook yana tallan batirin litiyom na caji girman AA, irin mai 'yar ƙofar USB a jiki, wai kwalin 40 a N86,000, wallahi ya kama kansa. Dubu tamanin da shida na tura wa mutumin nan, ban da N4,500 na kuɗin mota da na biya daban a tasha, kuma yanzu da nake rubutun nan ya bulke ni ta ko'ina.

Kafin wani ya zo yana min surutun "ai kwaɗayin araha ne", ku tsaya ku ji. Sana'ata hayar lasifika, biki, walimar sauka, wa'azi, taron siyasa, kuma makirfo mara waya cin batir yake kamar gara, kowanne guda biyu yake ɗauka kuma ba mai hankalin da zai shiga taron mutane da batirin jiya. Duk taro sai na sayi sabo na yar da tsoho. Na gwada na caji irin na da, masu ƙarfin wuta 1.2V, suna yi, amma wasu makirfon tun ana tsakiyar taro suke fara nuna batir ya yi ƙasa saboda ƙarfin bai kai 1.5 da suke nema ba. Shi ya sa kowa a harkarmu yanzu maganar na litiyom yake, wanda a cikinsa 3.7V ne amma akwai ɗan ƙaramin bod da yake sauke shi zuwa 1.5V daidai, ya riƙe a haka har ya ƙare, ka jona shi da wayar cajin waya ko fawa bank in ba wuta. Na san kayan, kuma farashinsa bai yi arahar da zan yi zargi ba, kusan N2,150 ne kowanne.

Kuma fa sai da ya turo min samfur. Wannan ne abin da ya fi ci min rai. Guda huɗu na fara saya, suka zo lafiya lau, na ɗora a mitar awon wuta ta nuna 1.5 cif, na yi walima guda da su tun safe har la'asar ko gezau. Har yanzu suna nan suna aiki, su huɗun nan na gaskiya ne. To wa zai ga haka ya ƙi yarda? Ranar da zan tura kuɗin ma sai da na ce ya kira ni bidiyo, ya kira, ya buɗe kwali a gabana ya zaro ɗaya ya ɗora a mita, yana cewa "Alaji ka gani da idonka, ni amana nake nema ba kuɗin yau ba, gobe ma ina son ka dawo." Kalmar nan ta amana ita take ta yi min yawo a ka. Har ya ce na tura rabi kawai in ina shakka, ni da bakina na ce a'a ba komai, tunda kaya sun yi kyau gara a gama. N86,000 a take, alat ya shiga, ya turo saƙon murya yana sa min albarka har da iyayena.

Kuɗin ma ba nawa ba ne ni kaɗai, abokan sana'ata biyu na jawo, kowannensu ya ba da N21,500 na guda goma goma, ni na ɗauki ashirin. Ni na kai musu samfur ɗin har shago ina yabo. Yanzu da wane ido zan kalle su.

Da kaya suka iso tasha, a'a bari na koma baya, tun kafin su iso ya fara canza magana, yau direba ya yi faci, gobe an riƙe mota a hanya, kuma sunan asusun da na tura wa kuɗi daban yake da sunan shafin, ya ce na matarsa ne. Wannan ko a kasuwa ana yi, mutum nawa ne suke ba ka asusun yaron shago, don haka kar wani ya ce min wai alama ce. Kwalin ya zo a naɗe da salatif, launin batiran iri ɗaya sak da na samfur, rubutu iri ɗaya. Daren Juma'a ne, washegari ina da ɗaurin aure da walima, na jona su a caji, wasu ko minti goma ba su yi ba fitilar ta koma kore, na ɗauka da cajinsu suka zo.

Da safe na zuba biyu a makirfo na kunna, ya yi ɗan ƙara ɗaya ya mutu, wari ya tashi. Na ce ko makirfon ne ya gaji, na sa a na biyu, shi ma haka. Sai a lokacin na ɗauko mita. Sama da 4V kowane ɗaya cikin waɗanda na sa! Biyu a jere sama da 8V ke nan a cikin abin da aka yi don 3V. Na sa reza na fere ledar jikin ɗaya, a ƙasa an rubuta 14500, 3.7V, wato irin na tocila, girmansa ɗaya da AA amma babu bod ɗin da ke rage wuta, kawai ya sa musu sabuwar riga. Sauran kuma, masu saurin nuna kore ɗin nan, 1.5 suke nunawa amma ko rediyo ba sa riƙewa rabin awa, kuma in ka ɗaga su a hannu ka haɗa da na samfur za ka ji babu nauyi. Allah ya taimaka na kira abokan nan kafin su sa nasu, da yanzu makirfo nawa zan biya. Ranar nan dai da makirfo mai waya na yi taron, ana jan igiya tsakanin ƙafafun mutane, uban ango yana harara ta.

Na kira shi, ya ɗauka ya ce wai yaransa ne suka haɗa kaya ba daidai ba, na dawo da su zai canza, amma na fara tura N6,000 na mota. Ka ji fa ƙarfin hali, bayan N86,000 da N4,500 yana neman ƙari. Da na ce ya maido kuɗina kawai, nan take hotonsa ya ɓace a WhatsApp, shafin ma ya canza suna, yanzu fitilar sola yake talla da hotunan shago iri ɗaya. Na je banki, an karɓi ƙorafi an ce sai da takardar 'yan sanda da umarnin kotu kafin a taɓa asusun, ina kan bi. Duk sikirinshot ɗin hirarmu, rasit ɗin turansifa, saƙon muryar albarkar nan da hoton mita suna wajena, ina haɗa su, zan saka su a nan in sha Allah kowa ya gani, don na tabbata ba ni kaɗai ya yi wa ba.

Kar ku biya sai kaya a hannu, kuma ku auna kowane ɗaya da mita kafin ya shiga na'urarku, ba samfur kaɗai ba. In ya wuce 1.5 da nisa kar ku sa. Shi kuma ban yafe ba, N86,000 da makirfo biyu, Allah ya isa.